Gayaunar Zulkiflu

Ina tashar motocin Gaya a Kano, saura mutum biyu motata ta cika, wayar Inuwa ta shigo. Ranar Talata ce da hantsi. Na ɗauka da fara'a, don na zaci saƙon taki zai sake ba ni in taho masa da shi. Sai na ji ya yi sallama a hankali, sannan ya ce, "Gwadabe, sai haƙuri. Ƙanena, abokinka, Allah ya yi masa rasuwa."

Na ce, "Wane ƙanen naka?" alhali na san mutum ɗaya ne a gidansu za a kira abokina.

Ya ce, "Zulkiflu. Ya dawo daga sallar asuba ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Kafin mu kai Gaya rai ya yi halinsa."

Ban san na zauna a ƙasa ba, sai da wata dattijuwa da ke kujerar baya ta leƙo ta taga ta ce, "Direba, lafiya?" Na gaya mata. Ta yi salati, ta juya ta ce wa sauran fasinjoji, "Ku bar shi ya tafi haka, kada a jira cikon nan." Ba wanda ya musa. Na ja mota, na sauke na Wudil, na sauke na Gaya, na sauke na Ajingi, na wuce Toranke ni kaɗai. Na tarar an dawo daga maƙabarta, mutane suna wanke hannu a ƙofar gida. Ban ga fuskarsa ba.

Shekararsa talatin da huɗu. Mutanen Toranke sun san shi da Likita, duk da shi kullum yana cewa shi ba likita ba ne, ma'aikacin lafiya ne. Waɗanda suka zo gaisuwa duk abu ɗaya suke faɗa: yana da hannu mai sauƙi, ba ya tsawa, ba ya ƙin tashi in an buga masa ƙofa. Duk gaskiya ne. Amma akwai wani Zulkiflu da ba su sani ba, wanda ya so ya karanta aikin gona, kuma shi nake so a sani.

Ɗan Malam Kolo ne da Ya Fanta. Asalin gidansu Barebari ne, amma kakanninsu sun daɗe a Toranke har ba wanda ya rage yana jin yaren sai 'yan kalmomi a bakin tsofaffi. Malam Kolo yana noma da damina, in kaka ta gabato ya shiga fataucin dabbobi wajen Nguru. Gida ne na gandu, irin wanda ya fara ƙaranci yanzu: duk mazan gidan a gona ɗaya suke aiki daga safe zuwa azahar, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Wanda ya tasa sai a yanka masa gayauna, 'yar gonarsa ta kansa, ya yi ta da yamma da ranar Juma'a, abin da ya samu nasa ne. Samari suna noma gayauna don su sayi keke ko rediyo ko kayan sallah. Zulkiflu da aka yanka masa tasa a can bayan gari, kusa da wata tsohuwar tsamiya, ba keke ne a ransa ba.

A makarantar kwana ta Gaya muka haɗu, ni daga Kademi, shi daga Toranke, gadonsa a saman nawa. Mu duka mun tsani ranar aikin gonar makaranta. Mun baro fartanya a gida, mun zo an sake miƙa mana ita. Shi kuwa ranar ce sallarsa. Malam Sagiru, malamin aikin gona, in ya gama darasi ya fita, sai ka ga Zulkiflu ya bi shi har gindin babur yana tambaya. Me ya sa gero ke yi a jigawa dawa ta ƙi? Me ya sa dawar da aka shuka bayan gyaɗa ta fi ta maƙwabta kyau? Me ya sa kuturtar gyaɗa ke kama gonar wani ta tsallake ta wani, alhali kan iyaka ɗaya ce ta raba su?

Nakan ce masa, "Kai Babarbare, in noma kake so, me ya kawo ka nan kana cin gabzar makaranta? Ai ka baro shi a gida."

Sai ya ce, "A gida ana yi ne, ba a gaya maka dalili."

Da muka shiga zangon ƙarshe na aji biyar, maganar abin da kowa zai karanta ta fara tashi. Ya je gida hutun mako, ya samu mahaifinsa a zaure bayan la'asar, ya durƙusa ya faɗi abin da ke ransa. Shi ya ba ni labarin yadda suka yi.

Malam Kolo ya dube shi ya ce, "Aikin gona? A jami'a?"

"E, Baba."

"To ni a wace jami'ar na yi nawa? Gidan nan kaf an taru an tsame ka daga rana, kai kuma ka ce za ka je ka yi shekara biyar ka koyo yadda ake komawa cikinta. Ɗan gidan Alhaji na bakin kasuwa ba shi ya karanta ba? Yana ina yanzu? Yana Kano yana tuƙa babur mai ƙafa uku. Ka dubi garin nan, mace ta fara naƙuda ko yaro ya suma, sai an nemi mota. Ka karanta aikin lafiya, ƙaramar hukuma ta ɗauke ka, kai ka huta, mu ma mu huta."

Zulkiflu bai yi musu ba, don ba a yi a gidansu. Ya dai ce, "Baba, gyaɗar gandu shekara uku ke nan tana raguwa. Ina jin irin ne. In aka ba ni daminar bana, zan nuna."

Malam Kolo mutum ne mai son ciniki. Ya yi murmushi ya ce, "To. Amma da kwano za ka nuna mini, ba da baki ba. In aka cire, aka auna a gabana, na ga wani irin ya fi na gandu da abin da ido zai gani, ka rubuta abin da kake so. In ba haka ba, ka rubuta nawa." Suka tsaya a kan haka, su biyu, ba shaida.

Ya tara iri huɗu. Akwai na gandunsu, akwai mai bargo da ya saya a kasuwar Ajingi, akwai 'yar Dakar da Malam Sagiru ya ba shi, sai wata 'yar ƙaramar ja da mahaifiyata take ajiyewa a tulu da toka, na roƙo masa kwano guda. Malam Sagiru ya koya masa kada ya shuka kowane iri wuri ɗaya, don kada kyawun ƙasar wani gefe ya ruɗe shi. Saboda haka ya yi layi goma sha biyu, kowane iri sau uku, a gauraye. A kan kowane layi ya kafa sanda, ya ɗaura tsumma: ja, baƙi, fari, shuɗi, ƙyallayen da muka tsinto a shagon wani tela a Gaya. A jikin kowace sanda ya ɗaure 'yar takarda mai ranar shuka, ya naɗe ta a leda da zare don kada ruwa ya ɓata. A kusurwa biyu kuma ya binne kwalba har wuya, ya sa mata mazurari, yana auna ruwan saman da aka yi da tsinke.

Da dogon hutu na hau keke daga Kademi na je na gani. Kuturta ta shigo gonakin Toranke a shekarar, ganye ya ƙanƙance ya yi rawaya. A gayaunarsa ma ta shiga, amma layuka uku masu jan tsumma suna nan kore shar, kamar ba a gona ɗaya suke da sauran ba. Ya kama hannuna yana ja na daga wannan layi zuwa wancan, yana magana ba numfashi. Ban taɓa ganinsa haka ba, ban kuma sake gani ba.

Ya kai mahaifinsa ya gani. Malam Kolo ya zagaya, hannu a baya, ya ce, "Ganye na gani. Ni 'ya'ya na ce a auna." Ba a daɗe ba ya tafi Nguru tare da Inuwa, mu kuma muka koma makaranta aji shida. Saura mako uku gyaɗa ta isa cira.

Duk shekara in Malam Kolo ya yi tafiya, yayansa Baffa Datti ne yake zuwa ya tsaya a kan kaka. Shi ne babban gidan, amma da damina yana zaune a wata gonarsa mai nisa, bai san komai game da gayaunar ba. A shekarar kuwa gidan ya sha jarraba: bijimin huɗa ya faɗi ya mutu ba ciwo, matar Inuwa ta yi ɓari, ga gyaɗar gandu ta lalace. Baffa ya zo da wannan a ransa. Wata safiya yana zagaya gonakin gida ya isa gindin tsamiya, ya ga sanduna a jere da jan ƙyalle da baƙi, ga wasu abubuwa naɗe da zare kamar layu, ya kwance ɗaya ya ga lambobi, ya matsa ya ga kwalba binne a ƙasa.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da zai zo masa a rai. Baffa bai taɓa komai da hannu ba bayan wannan. Ya koma gari ya ɗauko wani malami, aka yi addu'o'i, aka tuge sandunan da fartanya, aka tara aka ƙona, aka fasa kwalaben. Malamin ya ce kada kowa a gidan ya ci abin da gonar ta haifa. Aka sa 'yan ƙwadago suka cire gyaɗar duka, suka tsinke, suka zuba tuli ɗaya, ranar Juma'a aka rabar da ita sadaka a ƙofar masallaci. Ya Fanta ba ta zuwa gona, ba ta san me ɗanta ya kafa a can ba, ta dai yi ta godiya ga Allah da ya tona asirin maƙiya.

Mun iso da hutun rabin zango, ni da shi, da littafinsa a aljihu da kwanon awo da ya aro. Ko gida ba mu shiga ba, gona muka nufa. Muka tarar da fili fetal, da baƙin toka a tsakiya, da fasassun kwalabe. Ya tsaya ya daɗe. Sai ga Baffa ya biyo mu da sandarsa, fuskarsa cike da murna, ya dafa kafaɗar Zulkiflu ya ce, "Ɗana, Allah ya tsare ka. Kai aka nufa. Da ka ci gyaɗar nan, da karatun naka ya tashi a banza. Amma na riga su."

Na buɗe baki, Zulkiflu ya taka mini ƙafa. Ya durƙusa ya ce, "Na gode, Baffa. Allah ya ƙara girma."

Da Malam Kolo ya dawo ya ji labari, an ce sai da ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya yi dariya har da hawaye. Da dariyar ta wuce, ya kira ɗansa ya ce, "Wannan ba laifinka ba ne. In kana so, in samu Yaya in gaya masa gaskiya, a ƙara maka damina ɗaya, ka jinkirta fom ɗin zuwa baɗi."

A lokacin gari duka ya ɗauka. A masallaci ana yaba wa Baffa, mutane suna zuwa yi masa barka, har wasu suna kiransa ya duba musu nasu gonakin. Zulkiflu ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya koma ya ce, "Baba, a bar shi. In na sake kafa tsummokin nan baɗi, kowa zai gane abin da aka ƙona bana. Baffa ba zai iya zama a ƙofar masallaci ba."

Malam Kolo ya ce, "Ka san abin da ka bari?"

Ya ce, "Na sani."

Duk da haka, ranar da muka je shagon kwamfuta a Gaya cike fom, bai gama sakin abin ba. Mai shagon ya rubuta suna, ya rubuta gari, ya zo wajen kwas ya ce, "Me za a sa?" Zulkiflu ya ƙura wa kwamfutar ido. Layi ya yi tsawo a bayanmu, mai shagon yana ƙwanƙwasa tebur. A nan ne na sunkuya na ce masa, "Mutumina, ka sa na lafiyar nan mu tafi. Gyaɗa ba ta ɗaukar mutum aiki." Ya dube ni, ya juya ya ce wa mai shagon, "Lafiyar al'umma." Ni ko fom ɗin ban saya ba, don na san sakamakona ba zai kai ni ko'ina ba. Na san tsoron zaman banza, da shi na yi masa magana. Na daɗe ina tuna wannan rana.

Ya yi shekara uku a makarantar koyon aikin lafiya a Kano, ya fito da sakamako mai kyau, kuma kamar yadda mahaifinsa ya faɗa, bai yi shekara a gida ba aka ɗauke shi. Ni kuma na shiga tasha, daga karɓar kuɗin mota har na kama sitiyari. Ya auri Naja'atu, suka haifi 'ya'ya uku. Malam Kolo ya rayu ya ga ana layi a ƙofar ɗan asibitin garinsu ana cewa ɗansa ake jira, ya rasu yana sa masa albarka.

Ba zan ce ya yi aikin da rabin zuciya ba, don zai zama na yi masa ƙarya. Ya iya, kuma ya so mutanen. Sai dai manomin bai fita daga jikinsa ba. Mutum zai zo ya ce kansa na sarawa, idonsa na yaji, kafin ya ɗauko abin awo sai ya ce, "Jiya ka yi feshin wake, ko? Iska tana busowa ta ina? Ka rufe hanci?" Ya san watan da yara ke fara rama a kowace unguwa, saboda ya san watan da rumbunan unguwar ke ƙarewa. Tsofaffi suna zuwa awon jini su tafi da shawarar yadda za su adana iri. Wata tsohuwa ta taɓa ce masa, "Likita, ni ƙafata na kawo maka, ba gonata ba."

Gayaunar ma bai sake ta ba. Kowace damina yana gwada wani abu, amma bai ƙara kafa sanda ba. Duwatsu yake ajiyewa a kan layi, ɗaya, biyu, uku, yadda mai wucewa ba zai lura ba, ya zana taswirar a littafi. Littattafan sun kai goma sha biyar, suna cikin wata tsohuwar jakar magani a ɗakinsa.

Baffa Datti ya ji gaskiyar daga baya, bayan shekara shida, bakin Inuwa ne ya suɓuce. Bai taɓa ɗaga maganar ba, shi ma Zulkiflu bai ɗaga ba. Amma daga wannan shekara, duk kaka Baffa zai auno kwanon farko na gyaɗar gonarsa, ya ɗauko da kansa, ya ajiye a ƙofar asibiti ya ce, "A ba Likita," ya juya. Da ciwon ajali ya kama shi, Zulkiflu ne ya yi ta jinyarsa wata huɗu, yana juya shi, yana ba shi kunu a baki.

In zai shiga Kano karɓo magani ko taro, motata yake jira ko da wata ta riga ta cika. Tafiya da shi sai mai haƙuri. Idonsa na kan gonakin gefen titi tun daga Ajingi har Wudil. Wata rana da damina, mota cike, ya daki gaban mota ya ce, "Tsaya, tsaya!" Na taka birki na zaci mun taka wani abu. Ya sauka a guje ya shiga gonar mutane, ya tsuguna yana duba ganyen dawa. Wani ɗan kasuwa a baya ya ce, "Direba, mutumin nan lafiyarsa ƙalau?" Na ce, "Shi ne mai duba lafiyar ma." Ya dawo da ganye a hannu yana ba kowa haƙuri, kafin mu kai Gaya ya sa rabin motar suna gardama a kan tsutsa.

A irin wannan tafiyar ce na taɓa tambayarsa, muna dawowa mu biyu bayan na sauke kowa. Na ce, "Tsakaninka da Allah, kana nadama?"

Sai da muka wuce wani ƙauye tukuna. Sannan ya ce, "In na ce ina nadama, na yi wa Allah butulci. Akwai yaran da ke yawo a Toranke yau da na san da ba na nan, da wuya su kai Gaya. Aikin nan ya ciyar da ni, ya rufa wa gidanmu asiri. Baba bai yi kuskure ba. Amma Gwadabe, akwai tambayoyin da nake da su tun ina ɗan shekara goma sha bakwai, har yau ba wanda ya amsa mini. Ina gwadawa a gona, ina ganin abu ya faru, ban san dalili ba. Kamar mutum ne yana jin ana hira a ɗaki, shi yana tsaye a bakin ƙofa."

Na ce, "Ni na ce ka sa na lafiyar."

Ya yi dariya ya ce, "Kai ka cika ɗaukar kanka da girma. Da bakina na faɗa."

A bana ne maganar ta dawo masa, ta inda bai zata ba. Takardu biyu suka zo masa a wata ɗaya. Ta farko daga wajen aiki: an zaɓe shi ya je ƙarin karatun lafiya na shekara biyu, in ya dawo a ba shi shugabancin babban asibitin shiyya, da ƙarin girma da duk abin da ke biye da shi. Ta biyu kuwa shi ya nema a ɓoye: gurbi a wata makarantar aikin gona da ke hanyar Kano, karatun Asabar da Lahadi, shekara huɗu, yana aikinsa yana zuwa. Ba a haɗa biyun. In ya karɓi ta farko, zai bar gari ya tare a makaranta. In ya ƙi ta, wani za a ba, kuma ba a san ranar da za ta sake zagayowa ba.

Inuwa, wanda yanzu shi ne babban gida, ya ce masa, "Kana da 'ya'ya uku, ga na huɗu a hanya. Wace takardar noma ce za ta ƙara maka ko sisi a wajen aiki? Ka yi hankali, irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu." Abokan aikinsa suka ce ko an yi masa wani abu ne. Ya Fanta ta ce ita dai addu'a ce tata. Naja'atu ce ta ba shi mamaki. Ya ce mini ta ajiye masa tuwo ta zauna ta ce, "Baban Khaula, shekara goma ina cin abinci da labarin gyaɗa. Ka je su amsa maka tambayoyin nan ko na samu in huta. Abin da muke ci yanzu bai kashe mu ba."

Ya yi mako uku bai yanke ba. Ya rame har mutane suna tambaya. Ni dai duk lokacin da ya kawo maganar sai in ce Allah ya zaɓa mafi alheri, in kama wata hirar.

Ranar Lahadi da la'asar, kwana biyu kafin rasuwarsa, ina tashar Ajingi, na ɗaga mota a kan jak ina canza taya, sai na ji babur ya tsaya a bayana. Ya sauko da hularsa a karkace, ya tsuguna kusa da ni, ya karɓi sifana yana riƙe mini. Fuskarsa ta washe, kamar wanda zazzaɓi ya sake shi.

Ya ce, "Sarkin hanya, ba ka tambaye ni ba."

Na ce, "Me zan tambaya? Ga shi nan a goshinka."

"Na mayar musu da tasu. Na rubuta na gode, a ba wani. Yaya Inuwa ya yi fushi, amma ya ce in je, shi ba zai hana ba."

"Wato ka bar kujera mai juyawa, za ka je ka zauna a benci da yaran da ka yi wa rigakafi."

"Su za su riƙa ba ni satar amsa."

"Da furfurarka."

"Guda uku ce, Naja'atu ta ƙirga." Ya miƙo mini sifana. "Ranar Asabar za a fara. Ƙarfe takwas ake shiga aji, kuma an ce malamin farko ba ya barin wanda ya makara ya shiga. Motarka nake so."

Na ce, "Motata ba ta tashi sai ta cika, ka sani."

"To ka cika ta da wuri. Ka ajiye mini gaba, wajen taga."

"Gaba na manya ne. Ɗalibai baya suke zama, kan buhu."

Ya yi dariya har ya dafa taya. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya hau babur, ya tayar, sannan ya rage wuta ya juyo.

"Gwadabe, kana ganin kan nan zai iya ɗauka kuwa? An daɗe."

Na ce, "Zai ɗauka, mutumina. Wallahi zai ɗauka."

Ya gyaɗa kai. "To shi ke nan. Shida da rabi ina nan."

"In ka makara na tafi."

"Ba zan makara ba. Sai Asabar."

Na ce, "Allah ya kai mu."